Svelte: yadda kalmar masu zane da sassaƙa ta koma yabon sirantar jiki

Duk mai leƙa mujallun ado na Ingila da Amurka, ko shafukan da ke bin diddigin taurarin fina-finai, ya taɓa cin karo da kalmar svelte. Haruffa shida ne, gaɓa ɗaya a baki, ana rubuta wasalin ƙarshe amma ba a furta shi. Idan Bature ya ce mace svelte ce, yana nufin siririya wadda sirantar ta karɓe ta: gaɓoɓi sun miƙe, wuya ya fita, nama bai taru inda bai kamata ba, ƙashi bai turo ba, in ta motsa kuma jikin yana bin ta cikin sauƙi. A Hausa santaleliya ko sambaleliya ne suka fi kusa da ita. Ramammiya da tsamurarriya kuwa sun yi hannun riga da ita, ko da a ce nauyinsu ɗaya a kan sikeli.

Wannan batu na sikeli shi ne gaba ɗayan zancen. Mata biyu za su iya zuwa da tsayi ɗaya da nauyi ɗaya, a kira ɗaya svelte, ɗayar a ce da ita skinny, wato ƙashi da fata. Abin da ya raba su hukuncin ido ne, kuma kalmar ta taho da wannan hukunci tun daga gidansu. Kafin a fara yabon mutum mai rai da ita, ta daɗe tana aiki a bakin masu sassaƙa dutse, masu zane da magina na Italiya, waɗanda aikinsu kullum shi ne auna tsayi da kauri su ga ko sun dace da juna.

Siffar kalmar ma tana tona asirin cewa baƙuwa ce. Turancin Ingila na gado ba ya fara kalma da s a bi ta da v. Yana da sw birjik, kamar a swim da sweet, amma sv sai a kalmomin aro, su ma 'yan tsiraru. Shi ya sa mutane da yawa ke zaton daga arewacin Turai ta fito, inda ake da sunaye irin su Sven da Svalbard, inda kuma 'yan Suwidin ke kiran ƙasarsu Sverige. Abin da ya ƙara rura wannan zato shi ne wani katari mai ban mamaki: a ɗaya daga cikin rubutattun nau'o'in yaren Nowe akwai fi'ili svelte, harafi da harafi, ma'anarsa kuma fama da yunwa. 'Yan Suwidin na cewa svälta, 'yan Aisilan na cewa svelta. Mai son tsokana zai ce ai magana ta fito, siranta da yunwa uwa ɗaya uba ɗaya. Sai dai kama da wane ba ta wane ba ce. Waccan kalmar ta arewa dangin tsohuwar kalmar Turanci ce, sweltan, mai nufin mutuwa, wadda ta haifi swelter, wato jigata da zafi. Babu jini tsakaninta da tamu.

Ko Turawan kansu ba su daidaita kan furucin ba. Akasari suna fitar da v ɗin sosai, wasu kuma suna sassauta shi ya koma f, manyan ƙamusun Amurka sun amince da duka biyun. Bakin Bahaushe, da ba shi da v kuma ba ya son baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma, zai cusa wasali ne a tsakani kamar yadda ya yi wa sikeli da sitiyari da sitaci. Mutanen Sifaniya da Fotugal su ma bakinsu bai ɗauka ba, sai suka ɗora wasali a gaba, kalmar ta zama esbelto.

Asalin zancen yana Latin, harshen tsohuwar daular Rum. Akwai fi'ili vellere, ma'anarsa figewa ko tsigewa, irin yadda ake figar gashin tsuntsu ko tsige ciyawa. Kalmar makiyaya ce tun fil azal. Varro, malamin Rum da ya rayu daga 116 zuwa 27 kafin Miladiyya, ya rubuta cewa kafin a san sausayar tumaki da almakashi figar gashinsu ake yi da hannu, don haka ake kiran ulun da aka cire vellus. Ba tatsuniya ba ce: a tsibiran Shetland da ke arewacin Sikotilan akwai tumakin da ke sakin gashinsu da kansu idan lokaci ya yi, an kuma daɗe ana tsige shi da yatsu. Wannan tushe ya bar 'ya'ya da dama a Turancin likitoci. Convulsion ita ce jijjiga ko fizge-fizgen jiki irin na farfaɗiya. Avulsion ita ce fizgewar wani sashe na jiki daga mazauninsa, kamar haƙori ko farce. Revulsion, wadda yau ke nufin ƙyama mai tsanani, asalinta ja da baya da ƙarfi. Likitocin fata har yanzu suna kiran siririn gashin nan mai laushi da ke rufe jikin mutum vellus. Duk dangin nan ba mai taushin hali a cikinsu, fizga ce da tsiga da yaga. Svelte ce kaɗai ta tashi 'yar gayu.

Rumawa sun ɗora wa vellere ɗafa-goshi ex, mai nufin fita waje, aka sami ma'anar tumɓukewa, wato cire abu har saiwarsa. Da Latin ya rikiɗe ya zama Italiyanci, ex ɗin nan ya sha ƙanƙancewa ya koma s kaɗai a farkon kalma. Haka extraneus ya zama strano, baƙo ko abin al'ajabi, haka expedire ya zama spedire, aikawa. Ta wannan hanya aka sami svellere, tumɓuke. To ka ga inda sv ɗin ya samo asali: s ragowar ex ne, v kuma farkon vellere. Svelto shi ne sifar abin da aka yi wa aikin, daidai da yadda Hausa ke gina tumɓukakke daga tumɓuke, ko figagge daga fige.

Ta yaya tumɓukakke ya zama kyakkyawa? Bayanin da ƙamusun Turanci da na Faransanci suka fi bi shi ne cewa abin da aka ja yakan ƙara tsayi ya rage kauri. Dubi mai kaɗi: auduga dunƙule take a hannunta, tana ja mazari na juyawa, sai ga zare dogo siriri ya fito. Svelto ya fara da nufin abin da aka jawo, ya koma abin da aka miƙar, daga nan ya zama dogo siriri. Harsuna sun saba bin wannan hanya. Ita kanta thin, kalmar Turanci ta gado, tushenta ɗaya da tenuis na Latin, dukansu kuma suna komawa ga tsohuwar saiwa mai nufin miƙewa. Hausa ma ta taka sawun, sai dai ta ɓulla wani gari daban. Idan aka ce da yarinya figaggiya ko 'yar figigiya, daga figa aka ɗauko, siranta ake nufi, amma ba wanda zai ji haka ya yi godiya. Hoto ɗaya ne, Italiyawa suka yi yabo da shi, mu muka yi zambo.

Akwai wani ra'ayin da bai kamata a binne ba. Wasu masu binciken asalin kalmomi a Italiya suna ganin svelto mai nufin sakakken jiki ya shigo ne daga suelto na Sifaniyanci, wato kwantacce, wanda ba a ɗaure ba, sai ya cakuɗe da svelto na gida mai nufin tumɓukakke saboda kamar sauti. Tarihi bai ƙi wannan ba, domin a ƙarni na 16 Sifaniya ce ke riƙe da Naples da Milan. Ra'ayin yana kuma warware wani ƙulli: a Italiyancin yau, idan aka ce mutum svelto ne, abin da ake fara ji shi ne mai hanzari, mai zafin nama, mai saurin fahimta. Uwa na ce wa ɗanta svelto idan yana jan ƙafa, alla svelta na nufin cikin gaggawa, har akwai sanannen sabulun wanke kwanuka mai suna Svelto, ba kuma don kwalbarsa siririya ce ba. A ganina ba dole sai ɗaya ya kayar da ɗaya ba. Ma'anar da ta isa Turanci tana ɗauke da kayan gida biyu, tsayin da aka miƙar da kuma sakin jiki, shi ya sa ba a kiran sandararren mutum svelte komai sirantarsa.

Inda kalmar ta yi ƙiba, in an yarda da wannan magana a kan kalmar siranta, shi ne wajen masu fasaha. Gardamar yadda tsayi zai dace da kauri ta girmi Italiyanci nesa ba kusa ba. Pliny Babba, wanda ya mutu a aman dutsen Vesuvius a shekara ta 79, ya ba da labarin Lysippos, masassaƙin da ke yi wa Iskandar na Makidoniya mutum-mutumi. Ya ce Lysippos ya riƙa ƙanƙanta kai fiye da yadda magabata ke yi, yana sirantar da gangar jiki, don mutum-mutumin ya bayyana ya fi tsayinsa na gaskiya. Ya kuma naƙalto cewa Lysippos kan ce na da suna yin mutane yadda suke, shi kuwa yana yin su yadda ido ke ganinsu. Dabarar ke nan tun farko: ba a ƙara wa dutsen tsayi ba, an sauya rabon da ke tsakanin kai da jiki ne.

Vitruvius, maginin Rum na zamanin sarki Augustus, ya kai lissafin kan ginshiƙai. A cewarsa Girkawa sun auna tafin ƙafar namiji suka tarar kashi ɗaya cikin shida ne na tsayinsa, sai suka yi ginshiƙin Doric tsayinsa ninki shida na kaurinsa. Da za su gina wa gunkiya Diana ɗakin bauta suka nemi ginshiƙi mai sirantar mace, suka yi na Ionic ninki takwas. Na baya suka ƙara, Doric ya koma bakwai, Ionic tara. Na uku, na Corinth, ya ce an kwaikwayi ƙirar budurwa ne mai ƙananan shekaru da siraran gaɓoɓi. Ko labarin ya faru haka ko Vitruvius ya ƙawata shi, abin lura shi ne tun shekaru dubu biyu da suka wuce Turawa na auna ginshiƙi da jikin mace, suna kuma auna jikin mace da ginshiƙi.

Masu fasahar Italiya na ƙarni na 15 da na 16 sun haddace waɗannan marubuta biyu. Giorgio Vasari, mai zane kuma magini, wanda ya wallafa tarihin rayuwar masu fasaha a 1550 ya sake faɗaɗa shi a 1568, yana amfani da svelto da sveltezza wajen yabon aiki. A bayaninsa kan sassaƙa ya ce da yawa suna yin tsayin mutum-mutumi ninki tara na tsayin kansa, in kuma za a ɗora shi a wuri mai bisa sai a ƙara kai ɗaya ko biyu, saboda mai kallo daga ƙasa zai gan shi a gajarce. Sannan ya ƙara da cewa duk da wannan awo babu ma'aunin da ya fi hukuncin ido. Ka tuna cewa mutum na gaske yawanci bai wuce ninki bakwai da rabi na kansa ba. Ke nan svelto tun a ɗakin sassaƙa ba hoton mutum na gaske ba ne, gyara ne aka yi wa halitta don ido ya ji daɗi.

Wanda ya kai abin maƙura shi ne Parmigianino, ɗan garin Parma da ya rasu a 1540 yana da shekara 37. Zanensa na Nana Maryamu, wanda ke gidan tarihi na Uffizi a Florence, duniya ta san shi da laƙabin mai dogon wuya. Wuyan ya zarce na ɗan Adam, yatsun zara-zara ne fiye da ƙima, kan ƙarami ne a bisa doguwar gangar jiki, a baya kuma ga wani dogon ginshiƙi tsaye ba ya ɗauke da komai. Mai zanen ya san ƙirar jiki sarai, da gangan ya ja ta. Salon da ake kira Mannerism ke nan, wanda El Greco ya ci gaba da shi a Toledo da mutanensa masu kama da harshen wuta.

Daga Italiya kalmar ta haura Faransa tare da masu sana'ar. Sarki Faransuwa na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1515 zuwa 1547, ya gayyato Leonardo da Vinci a 1516, ya kawo Rosso Fiorentino a 1530 da Primaticcio a 1532 su ƙawata fadarsa ta Fontainebleau, bangon fadar ya cika da dogayen mata masu ƙananan kawuna. 'Ya'yan gidan Medici biyu, Catherine da Marie, suka zama matan sarakunan Faransa. Italiyanci ya cika fada har malami Henri Estienne ya rubuta littafi a 1578 yana yi wa masu cusa shi cikin Faransanci ba'a. Ba'ar ba ta hana komai ba: façade, balcon da esquisse duk ta wannan ƙofa suka shiga. Svelte ta bi sahu a ƙarni na 17, zamanin da matasan masu zane na Faransa ke tafiya Rum koyon aiki, har gwamnati ta buɗe musu makaranta a can a 1666. Tsoffin ƙamusun Faransanci sun ajiye ta a matsayin kalmar masu zane da gini. Ana cewa ginshiƙi svelte ne, ko hasumiya, ko surar da aka zana. Ɗora ta kan mutum mai numfashi ya biyo baya.

Kada a ɗauka Turai duka ta koma son siranta a lokacin. A cikin wannan ƙarni, a cikin wannan birni na Faris, Marie de Medici ta ɗauki Peter Paul Rubens na Antwerp ya yi mata manyan zane 24 tsakanin 1622 da 1625, cike da mata murjajju masu ƙiba da tsoka. Sunansa ne ya bar wa Turanci kalmar Rubenesque, wadda ake sakaya ƙibar mace da ita cikin ladabi. Svelte a lokacin salo ɗaya ce cikin salo da yawa, mai zane ya zaɓi wanda ya dace da aikinsa.

Ƙamusun Turanci suna sa farkon bayyanarta a rubuce wajen 1817. Shekarar ta dace da abin da ke faruwa. Yaƙin Napoleon ya ƙare a Waterloo a 1815, hanyar Faris da Rum ta buɗe wa masu hannu da shuni na Ingila bayan shekaru ana gaba, suka yi ta tururuwa suna dawowa da tufafi da kalmomi. Adon matan zamanin ma kwaikwayon mutum-mutumin Girka ne: farar riga mara nauyi, ɗamara a ƙarƙashin ƙirji, sauran ta sauka sambal har ƙasa. Mace a cikin irin wannan riga ginshiƙin Vitruvius ce ta tashi tana tafiya, ga kuma kalma a shirye. Turawan Ingila suka ɗauke ta da rubutunta na Faransanci, suka daɗe suna jin ta a matsayin baƙuwa. Wannan baƙunta ita ce jarinta. Tun bayan da Normandawa suka ci Ingila a 1066, kalmar da ta zo daga Faransa takan zauna a falo, ta gado kuma a tsakar gida, svelte ma falo ta samu.

Sai an jera ta da maƙwabtanta ake gane kujerar da ta zauna. Thin ba ta yabo ba ta zagi, ana faɗa wa takarda, miya ko mutum. Lean ta 'yan wasa ce da naman da ba kitse. Skinny daga fata ta fito, tana ɗauke da raini, scrawny ta fi ta muni, gaunt da emaciated kuwa na wanda ciwo ko yunwa ta cinye ne. A ɓangaren yabo akwai slender, tsohuwar kalma mai kamun kai. Akwai lithe, wadda a tsohon Turanci ke nufin taushi da sanyin hali kafin ta koma lanƙwasuwar jiki, da 'yarta lissome. Slim tana da tarihi mai ban dariya: daga yaren Holan ta shigo a tsakiyar ƙarni na 17, inda take nufin karkatacce, mugu, mai wayo. Har gobe slim a Holan mai wayo ne, schlimm a Jamus mummunan abu ne. Gracile kuma ta ci arzikin kama: gracilis na Latin siriri kawai yake nufi, wani lokaci ma ramamme, ba shi da alaƙa da gratia da ta haifi grace, amma kunnen Bature ya haɗa su aure har kalmar ta sami ƙamshin kyau. Duk cikinsu svelte ce ta haɗa siranta, iya motsi da wani abu na uku, wato ƙyalli irin na wanda ya ci ado ya san ya ci. Lithe za ta dace da ɗan kokawa ba riga. Svelte tana son tufafi masu tsada.

Wace kalma ce yabo, wace ce abin tsoro, wannan ya danganta da abin da siranta ke nufi a inda ake magana. A Yuganda, farkon shekarun 1980, mutanen yankin Rakai sun ga wata cuta tana tsotse jama'a, suka sa mata suna slim, sunan ya shiga mujallar likitoci ta Lancet a 1985. Hausa ma daga ƙanjamewa ta raɗa wa cutar suna. A wurin da rama ke nufin ciwo, yunwa ko rashin kwanciyar hankali a gidan miji, ba a yi wa mutum barka da ita, shi ya sa kasuwar magungunan sha-ka-fashe ke ci a garuruwanmu duk da gargaɗin likitoci. Svelte kalma ce ta al'ummar da abinci ya wadata har ƙin ci ya zama abin alfahari.

Wannan juyi ya faru ne a hankali cikin ƙarni na 19 da na 20. A 1863 wani mai sana'ar shirya jana'iza a Landan, William Banting, ya buga 'yar wasiƙa kan yadda ya rage ƙiba. Ya kai fam 202, kusan kilo 92, ga shi gajere, ya bar burodi, sukari, giya da dankali bisa shawarar likitansa, ya zubar da fam 46 cikin kusan shekara guda. Wasiƙar ta yi farin jini har sunansa ya zama fi'ili, 'yan Suwidin har yau banta suke cewa idan mutum na rage cin abinci. Wajen 1908 tela Paul Poiret na Faris ya fitar da riguna miƙaƙƙu da ba sa buƙatar ɗamarar nan mai tauri da ake matse ƙugu da ita. An yi murna an ce mata sun huta, amma aikin da ɗamarar ke yi sai ya koma kan jikin da kansa. A 1918 likita Lulu Hunt Peters ta koya wa matan Amurka ƙirga kalori. A 1928 kamfanin taba ya fara tallan Lucky Strike yana ce wa mata su ɗauki sigari maimakon alewa. Sikelin banɗaki ya shiga gidaje. A 1966 jaridun Landan suka ɗaga wata yarinya 'yar shekara 16 da ake wa laƙabi da Twiggy, wato 'yar tsinke.

A wannan kasuwa svelte ta sami aikin da ya fi kowane kawo kuɗi. Mai talla ba zai ce maganinsa zai mayar da ke thin ba, kalmar ta yi tsirara, skinny kuma zagi ce. Svelte tana alkawarin siranta ba tare da ambaton yunwar da ke bayanta ba. A Faransa har madarar yogot mara kitse aka sa wa suna Sveltesse. Jaridun gulma suka ƙirƙiro salon cewa wance ta fito newly svelte, wato ta rage ƙiba kwanan nan, salon da ya sake yawaita tun da alluran rage nauyi irin su Ozempic da Wegovy suka bazu. A nan ne nake ganin an yi wa kalmar fashi. Vasari ya ce ido ne alƙali, yana kuma magana ne a kan dutse da fenti, waɗanda za a iya ja yadda aka ga dama ba su ji ciwo ba. Masu zana samfurin tufafi har yau suna koyon zana mace mai ninki tara na kanta, lissafin Vasari ke nan bai sauya ba, sannan a fita neman 'yar Adam da za ta cika wannan awo.

Abin ya kai ga asarar rai. A 2006 masu tallan tufafi biyu daga Kudancin Amurka, Luisel Ramos ta Yurugwai da Ana Carolina Reston ta Burazil, suka mutu sanadin ƙauracewa abinci. A shekarar ce masu shirya makon baje kolin tufafi na Madrid suka hana duk wadda ma'aunin nauyi da tsayinta na BMI bai kai 18 ba hawa dandali. Faransa, wadda ta miƙa wa Turanci kalmar, ta yi doka a ƙarshen 2015 da ta fara aiki a 2017: sai da takardar likita mai talla za ta yi aiki, hoton talla da aka sirantar ko aka ƙara wa jiki da kwamfuta kuma dole a rubuta a jikinsa cewa an taɓa shi.

A gefe guda kalmar ta ci gaba da yaɗo. Ana faɗa wa namiji, ko da yake ba kamar mace ba, wani lokaci ma da zolaya, kamar a ce da ƙaton ɗan dambe ya dawo svelte don ya sauke kilo biyar. Ana faɗa wa kyanwa da karen tsere. Ƙamusun Amurka sun ƙara mata ma'anar mutum mai wayewa da santsin harshe, da alama zama kusa da suave a kunne ya taimaka. Masu sharhin motoci, wayoyi da kwamfutocin tafi-da-gidanka suna yawan jawo ta, a nan kuwa ta koma aikinta na fari, yabon ƙirar abin da hannu ya ƙera.

Matasan da ke rubuta manhaja sun san ta ta wata ƙofar. A 2016 Rich Harris, ɗan jarida mai haɗa zane-zanen bayanai, wanda ya yi aiki da Guardian sannan New York Times, ya fitar da wani kayan aikin gina shafukan intanet ya sa masa suna Svelte. Matsalar da ya so magancewa ta nauyi ce. Kayan aiki irin su React, wanda Facebook ya saki a 2013, suna tura wa burauzar mai karatu injinsu tare da shafin, wayarsa ta sauke shi ta kuma yi aikin da kanta. Svelte yana yin mafi yawan aikin tun a kwamfutar mai ginawa, ya tace abin da aka rubuta ya mayar da shi ɗan taƙaitaccen umarni na JavaScript, shi kaɗai ake turawa. Ga mai ƙaramar waya da ke lissafin data, wannan bambanci ne da ake ji a aljihu. Siga ta 3 ta fito a 2019, Harris ya koma kamfanin Vercel a 2021 don ya riƙa aikin cikakken lokaci, siga ta 5 kuma ta fito a Oktoban 2024.